Sauri Ya Haifi Nawa: Darasin Ƙasar Da Aka Ƙone Don A Sake Gini

Ran 11 ga watan Nuwamba na 2012, dubban mutane a ƙasashe dabam dabam suka zauna gaban kwamfutocinsu suna jiran a rushe musu ƙasa. Ƙasar kuwa ta ƙage ce, sunanta Eorzea, kamfanin Square Enix na Japan ne ya gina ta a cikin wasansa mai suna Final Fantasy XIV. Watanni da dama kafin wannan rana, 'yan wasa sun lura da wani ƙaramin wata ja a sararin samaniyar ƙasar, kullum sai ƙara girma ya ke yi, yana matsowa kusa. Da lokaci ya cika, kamfani ya kashe injunansa, aka nuna wa jama'a wani ɗan gajeren majigi. A ciki aka ga watan nan ya fashe, wani ƙaton dodo mai fukafukai ya fito daga cikinsa, ya bi birni da daji da wuta.

Da gangan aka yi wannan ɓarna. Kamfanin ne da kansa ya tabbata cewa wasan da ya sayar wa jama'a shekara biyu kafin nan ba ya gyaruwa, ya gwammace ya ƙone shi a gaban waɗanda suka saya, ya sake gini daga tushe. Yadda aka yi har aka kai ga haka ya isa a tsaya a duba, gama har yanzu tambayar da ke raba kan masu wannan sana'a ita ce: a fito da wasa ranar da aka yi alkawari ko da bai nuna ba, ko kuwa a dakata a sha zagin masu jira?

WASA MAI HALIN KASUWA

Mai karatu da bai saba da waɗannan abubuwa ba zai so a yi masa bayani kaɗan. Wasannin kwamfuta iri iri ne. Akwai wanda mutum ya ke saya ya yi shi kaɗai a ɗakinsa, in ya kai ƙarshe ya ajiye, kamar littafin hira. Akwai kuma irin wanda a ke magana a kansa yau, wanda dubban mutane ke shiga lokaci ɗaya ta hanyar intanet, su haɗu a ƙasa guda mai birane da dazuzzuka da kasuwanni. Ko wane ɗan wasa yana da ɗan mutum-mutuminsa da ya ke sarrafawa, wani maƙeri, wani masunci, wani mayaƙi, wani mai magani. Su kan ƙulla ƙungiya su fita farautar dodanni, su yi ciniki da kuɗin cikin wasa, su yi abota ta shekaru. Ita wannan ƙasa tana zaune ne cikin waɗansu manyan injuna na kamfani da ke aiki dare da rana, kuma a wasanni da yawa sai mutum ya biya kuɗin wata kafin a buɗe masa ƙofa. Ultima Online na 1997 da EverQuest na 1999 suna cikin waɗanda suka share fage, sa'an nan World of Warcraft na kamfanin Blizzard ya fito cikin Nuwamba na 2004, ya yi ta tara jama'a har masu biyan kuɗin wata suka kai miliyan 12 cikin 2010.

To, ga inda bambancin ya ke. Wasan da mutum ke yi shi kaɗai, in ya fito da aibu aka gyara shi bayan wata shida, wanda ya saya daga baya zai same shi lafiya lau, bai yi hasarar kome ba. Amma wasan taro halin sabuwar kasuwa gare shi, abin da ke kai mutum kasuwa kuwa mutane ne. In aka yi shelar ranar buɗewa, fatake suka ɗauro kaya daga nesa, suka tarar rumfuna na yoyo, ba ruwan sha, ba wurin ɗaure dabba, to, watsewa za su yi, ko wanne ya koma garinsu da labari. Ko da sarkin kasuwa ya gyara kome daga baya, wanda ya leƙo ya ga rumfuna wayam ba zai sauke kaya ba, juyawarsa kuma ta ƙara wa wurin zama kufai. Haka abin ya ke a cikin wasa. Mayaƙi yana bukatar mai magani, maƙeri yana bukatar mai saye, in abokan mutum suka tashi, shi ma babu abin da zai riƙe shi. Shi ya sa makonnin farko su ke da nauyi a wannan sana'a fiye da yadda su ke da shi a sauran wasanni.

Tun da ya ke haka ne, me ke sa kamfani ya buɗe kasuwar da bai gama ginawa ba? Dalili na fari kuɗi. Gina irin wannan wasa ya kan ci shekara huɗu ko biyar ko fiye, ga ma'aikata ɗaruruwa, masu zane da masu kiɗa da masu tsara labari da masu rubuta wa inji umarni, ko wanne yana karɓar albashi alhali kwabo bai fara shigowa ba. Ko wane wata aka ƙara, ramin bashi ƙara zurfi ya ke yi. Na biyu alkawari ne, domin an riga an faɗa wa dillalai da masu hannun jari rana, an kashe kuɗin talla, ga abokan gasa suna shirin fito da nasu. Na uku shi ne mafi haɗari, watau ganin cewa tun da wasan a kan intanet ya ke, ko me ya lalace a iya aika gyara daga baya. Wannan tunani ne ke sa kamfani ya bar fafe gora sai ranar tafiya.

TUKUNYAR FURE

Square Enix ba baƙo ba ne a wannan fage. Tun 2002 ya ke tafiyar da Final Fantasy XI, wasan taro da ya karɓu ya kawo riba mai yawa, sunan Final Fantasy kuwa tun 1987 ya ke tashe. Da wannan ƙarfin gwiwa aka fito da na 14 a ƙarshen Satumba na 2010. Masu gwaji da aka ba su damar taɓa wasan kafin fitowarsa sun yi kuka da abubuwa da yawa, amma aka riƙe ranar da aka sa. Da jama'a suka shiga, sai suka tarar da abin takaici. Ƙaramin aiki kamar sayar da kaya ko sauya makami, sai mutum ya bi jerin matakai, ko wane mataki kuma sai ya jira amsa daga injin kamfani. Babu dandalin gwanjo inda mai saye zai nemi abin da ya ke so kai tsaye, sai dai ya bi 'yan tallan mutane ɗaya bayan ɗaya yana duba abin da ko wanne ya kasa. Dazuzzukan kuwa yanki guda aka yi ta maimaitawa a wurare da yawa, har matafiyi ya rasa gane inda ya ke. Ayyukan da a ke ba ɗan wasa kaɗan ne, an kuma sa wata doka mai rage ladan wanda ya daɗe yana wasa da sana'a guda. Kwamfuta in ba mai tsada ƙwarai ba ce, sai ta riƙa ɗingishi. Bugu da ƙari, cikin Disamba na wannan shekara Blizzard ya fito da sabon kashin wasansa, sabo da haka wanda ya fusata yana da wurin zuwa.

Daga baya, cikin 2014, a wani taron maƙeran wasanni a birnin San Faransisko na Amurka, mutumin da ya gaji aikin ya ba da misali da wata tukunyar fure da ke ajiye a cikin birnin wasan. Ya nuna cewa an zuba mata aikin zane kwatankwacin wanda a ke zuba wa mutum guda na cikin wasa, da gutsattsarin zane wajen 1,000. Irin wannan ƙawa ce ta yi wa inji nauyi, har aka ƙayyade cewa ba za a nuna fiye da mutum 20 a allo lokaci guda ba, a cikin wasan da dukan amfaninsa taron jama'a ne. Dalilai uku ya lissafa na faɗuwar: son kyan hoto fiye da kima, rashin duba yadda sana'ar ta sauya tun bayan wasansu na 2002, da kuma dogara ga cewa kome a iya gyara shi bayan an fito.

Kamfani ya fara da ƙara wa mutane kwanakin wasa kyauta, ya sake ƙarawa, abin bai yi ba. Cikin Disamba na 2010, shugaban kamfanin na lokacin, Yoichi Wada, ya fito ya nemi gafarar jama'a a rubuce. Aka sauke shugaban aikin, Hiromichi Tanaka, aka dakatar da karɓar kuɗin wata har sai abin da hali ya yi, aka kuma ɗage fitowar wasan a na'urar PlayStation 3 ba tare da an sa wata rana ba. Shekara na zagayowa, Wada ya faɗa a bainar jama'a cewa wannan wasa ya yi wa sunan Final Fantasy mummunan lahani.

Wanda aka ɗora wa kayan shi ne Naoki Yoshida, ma'aikacin kamfanin da ba a san shi sosai a waje ba, amma wanda ya daɗe yana yin wasannin taro na kamfanonin Amurka, ya san abin da ɗan wasa ke nema. Da ya bincika sai ya ga ɓarnar a tushe ta ke, yaɓe ba zai tsai da ginin ba. Shawarar da aka tsaya a kanta mai tsada ce: a ci gaba da yi wa tsohon wasan kwaskwarima domin waɗanda suka riƙe amana suka zauna, a gefe guda kuma a gina sabo fil daga tushe. Ya kuma ɗauki al'adar rubuta wa 'yan wasa wasiƙa a kai a kai, yana faɗin abin da aka gyara da abin da ya gagara, daga baya ma ya riƙa zama gaban kyamara yana amsa tambayoyinsu. Cikin Oktoba na 2011 aka bayyana wa duniya cewa za a rufe tsohon wasan. Sai cikin Janairu na 2012 aka fara karɓar kuɗin wata, watau bayan fiye da shekara guda kamfani yana ɗauke da nauyin injuna da ma'aikata kyauta. Waɗanda suka biya na kwana 90 a wannan lokaci an yi musu ragi na dindindin, an kuma sa sunayensu a jerin godiya na sabon wasan. Shi kuwa jan watan nan, dabara ce ta mai da rufewar wani babi na labarin ƙasar, domin wanda ya zauna ya ji cewa ya shaida wani abu, kwanakinsa ba su tafi a banza ba.

Bayan gwaji kashi kashi, wanda a wannan karo aka saurari masu yinsa, sabon wasan ya fito ran 27 ga Agusta na 2013 da laƙabin A Realm Reborn, watau ƙasar da aka sake haihuwa. Ya karɓu, ya ci gaba da haɓaka shekara da shekaru, har cikin Oktoba na 2021 Yoshida ya ba da sanarwar cewa masu rajista sun wuce miliyan 24, kuma duk cikin jerin Final Fantasy babu wanda ya kai shi kawo riba.

ƘUNCIN ƘOFA DA RUƁAR TUSHE

Wajibi ne a nan a rarrabe tsakanin cuta biyu da a kan haɗa su a baki ɗaya a ce wasa ya fito da matsala. Ta fari ƙuncin ƙofa ce. Injin kamfani yana da iyakar mutanen da zai ɗauka, ranar buɗewa kuwa kowa ke zuwa lokaci ɗaya, sai a kafa layi, mutum ya yi awa biyu ko uku yana kallon lambarsa tana raguwa. Kamfani yana cikin tsaka mai wuya a nan, gama in ya sayi injuna daidai da cunkoson makon farko, bayan wata biyu rabinsu za su zauna ba aiki. World of Warcraft ya sha wannan cikin 2004, har Blizzard ya rage aika wasan kantuna na ɗan lokaci. Shi kansa A Realm Reborn ya sha ta cikin 2013, har aka dakatar da sayar da shi ta intanet, aka ba mutane mako guda kyauta. Wannan cuta tana da ɓacin rai, amma ba ta cika kisa ba, domin mai tsayuwa a layi shaida ne cewa akwai abin so a ciki.

Ta biyu ita ce ruɓar tushe, watau mutum ya shiga lafiya ya tarar babu abin zama. Ita ce ta kama wasan 2010, ita ce kuma ke watsa kasuwa. Ƙarin injuna ba ya maganinta, gyaran mako mako ma ba ya cim mata, domin kafin gyara ya iso jama'a sun yi gaba.

An ga yadda kamfanin ya koyi wannan darasi cikin 2021, sa'ad da ya ke shirin fito da wani babban ƙari mai suna Endwalker. An sa ran 23 ga Nuwamba. Ana saura 'yan makonni, Yoshida ya fito gaban kyamara, murya na rawa, ya ce an ɗage zuwa 7 ga Disamba domin a ƙarasa dubawa, ya ɗora laifin a kansa. Mutane da yawa sun riga sun ɗauki hutu a wuraren aikinsu sabo da ranar farko, duk da haka galibinsu suka yi masa uzuri. Da wasan ya fito sai ƙofa ta yi kaɗan, ga shi kuma a wannan shekara duniya na fama da ƙarancin 'yan ƙananan sassan lantarki da a ke haɗa injuna da su, ko da kuɗi a hannu injin ba ya samuwa da wuri. Sai kamfani ya yi abin da ɗan kasuwa ba ya so: a tsakiyar Disamba ya daina sayar da wasan ga sababbin shiga, ya tsai da talla, ya ba waɗanda ke ciki kwana 21 kyauta. Ba a koma sayarwa ba sai ran 25 ga Janairu na 2022. Jama'a sun yi gunaguni, amma ba su watse ba, gama shekara goma ke nan ana gaya musu gaskiya, kuma abin da ke bayan ƙofar ya cancanci jira.

JINKIRI SHI KAƊAI

Wani zai ce, ashe magana ta ƙare, kowa ya jinkirta ya tsira. Ba haka ba ne, kuma akwai shaidu. Kamfanin Amazon, wanda ba a yi masa gorin kuɗi ko na injuna, ya sa wa wasansa New World watan Mayu na 2020. Aka ɗage zuwa Agusta, aka sake ɗagewa zuwa farkon 2021, aka koma ƙarshen Agusta, daga bisani ya fito ran 28 ga Satumba na 2021. Ɗagewa huɗu ke nan. A makon farko mutum fiye da 900,000 suka kasance a ciki lokaci guda, layuka suka yi tsawo. Amma da aka shiga sai aibu ya fara bayyana. 'Yan wasa suka gano hanyoyin ninka zinariya da kaya ta ɓarauniyar hanya, har kamfani ya riƙa rufe ciniki tsakanin mutane yana buɗewa, wanda ya kai ƙarshen matakai kuma ya tarar abin yi kaɗan ne. Kafin wata shida, waɗanda ke taruwa lokaci guda ba su kai kashi ɗaya cikin goma na farko ba, aka shiga haɗe garuruwan da suka zama kufai. An yi ta gyara shekara huɗu, wasan ya inganta ƙwarai, amma taron farko bai komo ba, kuma cikin Oktoba na 2025 Amazon ya ba da sanarwar daina ƙara masa sabon abu.

Akwai kuma jinkirin da ba shi da ranar ƙarewa. Cikin 2012 wani maƙerin wasanni mai suna Chris Roberts ya nemi jama'a su tara masa kuɗi ya gina wasan sararin samaniya mai suna Star Citizen, aka sa ran gamawa cikin 2014. Shekara goma bayan wannan wa'adi, watau cikin 2024, kuɗin da jama'a suka zuba ya wuce dala miliyan 700, an buɗe waɗansu sassa ana wasa, amma kamfanin da kansa yana kiran abin na gwaji. A nan ƙarin lokaci ƙarin buri ya haifa, ko wace shekara aikin faɗaɗa ya ke yi.

Hanya ta uku ita ce ta Blizzard da wani wasan taro da ya yi wa laƙabi da Titan. Bayan wajen shekara bakwai ana aiki a ɓoye, cikin 2014 kamfanin ya ce ya soke shi, domin abin bai ba da daɗin da a ke nema ba. Hasara ce babba, amma ba a karɓi kwabon kowa ba, ba a zubar da mutunci ba, daga ɓaraguzansa kuma aka ƙera Overwatch da ya fito cikin 2016 ya yi kasuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In aka jera waɗannan labarai, abin da ke fitowa shi ne amfanin jinkiri yana ga abin da aka yi da shi. Mako biyu na Endwalker sun wadatar domin an san takamaiman abin da ya rage. Wata goma sha shida na New World ba su wadatar ba domin a cikinsu ana ta sauya wa wasan alƙibla ne, daga fagen faɗa tsakanin 'yan wasa zuwa ƙasa mai labari da ayyuka, lokacin gwada sabon ginin kuwa ya yi kaɗan. Tambayar da ta kamata a yi wa mai ɗage rana ita ce: me ya rage, wa ya gwada, me masu gwajin suka ce, kuma an ji maganarsu?

BA KOWA KE DA ALJIHUN SAKE GINI BA

Akwai wani haɗari a cikin labarin Final Fantasy XIV da ya kamata a faɗa, domin kamfanoni sun mai da shi abin kafa hujja, su ce ai ko an faɗi a kan tashi. Square Enix ya tashi ne domin yana da waɗansu wasanni da ke ciyar da shi, yana kuma da suna na shekara ashirin da 'yan kai wanda ba zai yarda ya mutu ba. Ya biya kuɗin gini sau biyu, ya yi shekara uku yana biyan bashin gaggawar wata guda. Waɗanda ba su da wannan gata labarinsu dabam ne. Vanguard, wanda Brad McQuaid, ɗaya daga cikin maƙeran EverQuest, ya jagoranta, ya fito cikin Janairu na 2007 da kurakurai birjik, shi da kansa kuma ya amsa cewa ƙarewar kuɗi ce ta tilasta fitowar. Cikin 'yan watanni kamfaninsa ya ruguje, ma'aikata da yawa suka rasa aiki, kamfanin Sony ya karɓi wasan ya yi ta jinyarsa har aka rufe shi cikin 2014. Na kamfanin Realtime Worlds da ke birnin Dandi na Sikotilan ya fi muni. Wasansa APB ya fito a tsakiyar 2010 bayan shekaru ana aiki, cikin Agusta kamfanin ya durƙushe, cikin Satumba aka kashe injuna, wata uku bai cika ba. Wani kamfani ya sayi gawar ya sake buɗe ta daga baya, amma waɗanda suka gina shi sun riga sun watse neman abinci.

Sabo da haka abin da ke kan faranti ya wuce nishaɗin yara. Akwai abincin ɗaruruwan ma'aikata, waɗanda galibi ba su suka sa ranar ba, amma su ke kwana a ofis kafin ta, su kuma a ke fara sallama bayanta. Akwai kuma haƙƙin mai saye. Wanda ya sayi littafi maras daɗi aƙalla littafin na hannunsa, amma wanda ya zuba kuɗi da watanni a wasan taro, ranar da aka kashe injuna ba ya fita da ko tsinke.

Matasan ƙasar nan da ke shiga waɗannan wasanni su ne ya fi kamata su yi hattara, gama kuɗinsu ya fi na takwarorinsu na Turai ciwo. Da kuɗin waje a ke biya, ga kuɗin data na sauke wasa mai nauyin gaske, ga man janareto, ga nisan hanya, tun da ya ke shi Final Fantasy XIV ɗin ma injunansa a Japan da Amurka da Turai da Ostireliya su ke, babu ko ɗaya a Afirka. Biyan kuɗin wasa tun bai fito ba cinikin biri a sama ne, ko da sunan kamfanin ya kai ina. Mai hankali ya kan bari a buɗe, ya saurara wata ɗaya ko biyu, ya duba irin kukan da a ke yi. In kukan layi ne, to, ya yi haƙuri, ƙofa za ta faɗaɗa. In kuwa waɗanda suka shiga ne ke fitowa suna cewa babu kome a ciki, ya riƙe kuɗinsa. In kuma ya ji kamfani ya ɗage rana, kada ya yi saurin zagi, kada kuma ya yi saurin yabo, ya duba ko an faɗi dalili a fili, an kuma sa sabuwar rana da za a iya riƙe su da ita.

Su kuwa masu ginin, misalin yana gabansu da kwanan wata. Kamfani guda ne ya ƙi dakatawa cikin 2010, ya biya da shekara uku da ginin wasa sau biyu. Shi ne kuma ya dakata mako biyu cikin 2021, ya biya da neman gafara na dare ɗaya.